Wardin Dimashƙa: Tarihi da siffofin furen da ake wanke Ka'aba da ruwansa

Nau'o'in furen wardi da ake shukawa a lambunan duniya sun kai dubbai, to amma waɗanda ake tatsar turare daga jikinsu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

A cikin waɗannan 'yan ƙalilan, wardin Dimashƙa shi ne kan gaba. Shi ake nomawa a tsaunukan Ɗa'ifa da ke Saudiyya, da kwarin Kazanlak na Bulgeriya, da Isparta ta Turkiyya, da Kashan ta Iran.

Ruwansa na cikin abubuwan da ake wanke cikin ɗakin Ka'aba da su, mansa kuma na cikin mafi tsada a kasuwar turare ta duniya.

Masana tsirrai na kiransa Rosa damascena, sunan da wani masani ɗan Birtaniya, Philip Miller, ya tabbatar masa a shekarar 1768. Larabawa na ce masa wardul juri ko warda shamiyya, mutanen Iran kuma na kiransa gole Muhammadi. Ita ma kalmar wardi ta Hausa daga Larabci aka aro ta.

Binciken da aka gudanar daga shekarar 2000 zuwa yau ya bayyana abubuwa biyu game da shi. Na farko, da wuya a ce Dimashƙa ce mahaifarsa. Na biyu, akasarin gonakinsa a ƙasashe dabam-daban tsiro guda ne da aka yi ta yankar reshensa ana dasawa tsawon ɗaruruwan shekaru.

Tsohon wardi da na zamani

Masu nazarin wardi sun kasa wardin lambu gida biyu, wato tsoho da na zamani, kuma shekarar 1867 ce iyaka tsakaninsu.

A wannan shekara ce wani manomin furanni a birnin Liyon na Faransa, Jean-Baptiste Guillot, ya fito da wani iri mai suna La France, wanda ake ɗauka a matsayin farkon wardin zamani.

Duk dangin wardin da aka sani kafin wannan lokaci ana sa shi cikin tsofaffi, kuma dangin Dimashƙa na daga cikin mafi daɗewa.

Bambancin a fili yake. Wardin zamani, irin wanda ake ɗaurewa a miƙa wa baƙi a wurin biki, an zaɓe shi ne saboda doguwar kara da ƙarfin launi da jure tafiya, kuma da yawa daga cikinsa ba shi da wani ƙamshin a zo a gani.

Wardin Dimashƙa kuwa ba ya jure komai bayan an tsinke shi, domin cikin sa'o'i kaɗan yake yaushi. Darajarsa tana cikin ƙamshinsa ne.

Siffofinsa

Tsiro ne mai rassa da yawa da ke tasowa daga gindi ɗaya, tsayinsa kan kai mita biyu ko ɗan fiye da haka. Rassan na lanƙwasa idan furanni suka yi musu nauyi.

Jikinsa cike yake da ƙaya iri biyu, akwai manya masu kama da ƙugiya, akwai kuma ƙanana masu kama da tsinke a tsakaninsu.

Kowane ganye na ɗauke da ƙananan ganyaye biyar, wani lokaci bakwai. Launinsu kore ne da ya ɗan yi toka-toka, bayansu kuma da gashi mai laushi.

Furen ruwan hoda ne, wani mai haske, wani mai ɗan duhu, kuma yakan fito a dunƙule, da dama a kan reshe guda. Irin da ake tatsar mai daga gare shi na da falle kimanin talatin, shi ya sa ake kiransa Trigintipetala da Latinanci, wato mai falle talatin.

Dangin ya rabu biyu. Akwai mai fure sau ɗaya a shekara, na tsawon makonni uku zuwa shida, wanda shi ne manoman turare suka dogara a kansa. Akwai kuma wanda ke sake yin fure kaɗan a lokacin kaka, wanda Faransawa suka sa wa suna Quatre Saisons, ma'ana mai yanayi huɗu.

Tsiron na buƙatar sanyin hunturu domin ya huta ya zubar da ganye, sannan yana son safiya mai raɓa a lokacin da yake fure. Wannan ne dalilin da ya sa a ƙasashe masu zafi ake nomansa a kan tsaunuka.

Daga ina ya fito?

Ba a taɓa samun wardin Dimashƙa yana tsirowa da kansa a daji ba, abin da ya daɗe yana nuna wa masana cewa haɗin iri ne.

A shekarar 2000 wasu masana kimiyya uku 'yan Japan, Iwata da Kato da Ohno, suka wallafa sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta da ya nuna cewa iri uku ne suka haɗu suka samar da shi.

Na farko shi ne Rosa gallica, jan wardi mai ƙamshi da ke tsirowa a kudancin Turai da yammacin Asiya. Na biyu Rosa moschata, fari mai ƙamshin miski. Na uku kuwa, wanda babu wanda ya yi tsammaninsa, shi ne Rosa fedtschenkoana, wardin daji na tsaunukan tsakiyar Asiya.

Tun da yake na ukun nan ba ya tsirowa a ƙasar Sham, masana da dama na ganin cewa haɗuwar ta auku ne can gabas, a tsakiyar Asiya ko kuma a yankin Farisa.

Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2007 ya ƙarfafa wannan ra'ayi. An gwada samfura 40 daga sassan Iran, aka tarar da zubin halitta iri tara, alhali a gonakin Bulgeriya da Turkiyya iri ɗaya tak aka samu. A wurin masana tsirrai, inda iri ya fi yawan rassa, nan ne galibi ya fi daɗewa.

Shi kansa sunan juri da Larabawa ke kiransa da shi na nuni ga garin Jur na lardin Farisa, wanda a yau ake kira Firuzabad.

Dimashƙa dai ta samu sunan ne saboda ta shahara da nomansa da cinikin ruwansa a zamanin da Turawa suka fara saninsa sosai.

Malaman Musulunci da ruwan wardi

A zamanin daular Abbasiyya ne sana'ar tatsar ruwan wardi ta bunƙasa ta zama babbar hanyar arziki.

Ibn Khaldun ya kawo a cikin Muƙaddima jerin harajin da larduna ke aikawa baitulmalin Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga shekarar 813 zuwa 833. A cikin abin da lardin Farisa ke biya kowace shekara har da kwalabe 30,000 na ruwan wardi.

A wannan ƙarni na 9 ne aka rubuta littafin Kimiya'ul Iɗri wat Tas'idat, wanda ake danganta wa masanin falsafa Al-Kindi. Littafin na ƙunshe da hanyoyi fiye da ɗari na haɗa turare, da bayanin kayan aikin tatsa.

Sau da yawa akan ce Ibn Sina ne ya ƙirƙiro tatsar ruwan wardi. Gaskiya ne ya ambaci wardi a cikin magungunan da ya lissafa a littafinsa Al-Ƙanun, sai dai an haife shi ne a shekarar 980, lokacin da sana'ar ta riga ta kafu da fiye da shekara ɗari.

A ƙasar Sham, masanin labarin ƙasa Shamsuddin al-Dimashƙi, wanda ya rasu a shekarar 1327, ya bayyana yadda ake aikin a ƙauyen Mizza, wanda yanzu unguwa ce a birnin Dimashƙa. Ya siffanta manyan murahu da ake jera tukwanen tatsa hawa-hawa a kewaye da su, har da zanen hotonsu.

Haka kuma marubutan tarihi na zamanin Salahuddin al-Ayyubi sun ruwaito cewa bayan ya karɓe birnin Ƙudus a shekarar 1187, an wanke Ƙubbatus Sakhra da ruwan wardi.

A Indiya, Sarki Jahangir na daular Mugal ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa surukarsa, mahaifiyar Nur Jahan, ita ce ta lura da maiƙon da ke tasowa a saman ruwan wardi mai zafi, ta riƙa tara shi kaɗan-kaɗan. An sa wa wannan turare sunan sarkin.

Dangane da sunan gole Muhammadi, akwai wata ruwaya da ta yaɗu a tsakanin jama'a cewa an halicci wardi ne daga gumin Manzon Allah (SAW). Malaman hadisi irin su Imam Nawawi da Ibn Hajar sun bayyana cewa ruwayar ba ta inganta ba.

Shigarsa Turai da zuriyarsa

Labarin da ya fi shahara a Turai shi ne cewa wani mayaƙi Bafaranshe, Robert de Brie, ya zo da shi daga Sham a ƙarni na 13, lokacin yaƙe-yaƙen Salibiyya. Masana tarihin tsirrai na ɗaukar wannan a matsayin hikaya.

Wasu kuma na ganin cewa tun zamanin Rumawa an san irin nan mai fure sau biyu a kudancin Italiya.

Abin da ya tabbata shi ne, zuwa ƙarni na 16 ana shuka shi a lambunan yammacin Turai, kuma daga nan aka samu ire-irensa da suka yi suna.

Akwai York and Lancaster, mai haɗa fari da ruwan hoda, wanda aka raɗa wa sunan gidajen sarauta biyu da suka gwabza yaƙi a Ingila a ƙarni na 15. Akwai Ispahan, mai ɗauke da sunan birnin Isfahan na Iran. Akwai kuma Madame Hardy, fari fat mai ɗigon kore a tsakiya, wanda mai kula da lambun Luksambur na birnin Paris ya fito da shi a shekarar 1832, ya sa masa sunan maiɗakinsa.

Babbar gudummawarsa ga wardin zamani ta zo ne daga wani tsibiri a tekun Indiya. A tsibirin Burbon, wanda yanzu ake kira Reyuniyon, manoma na yin shinge da wardin Dimashƙa mai fure sau biyu tare da wani wardin ƙasar Sin.

Wajen shekarar 1817 aka lura da wani sabon tsiro da ya gaji iyayen biyu, aka aika da irinsa Faransa. Daga gare shi dangin Burbon suka fito, kuma ta wannan hanya jinin wardin Dimashƙa ya shiga cikin wardin zamani.

Yadda ake tatsarsa

Aikin na farawa ne tun da asuba. Da hannu ake tsinkar furen ɗaya bayan ɗaya, kuma akan so a kammala kafin hantsi ya ɗaga, domin da zarar rana ta yi zafi sai man da ke cikin fallayen ya fara bin iska.

A ranar da aka tsinke shi ake kai shi wurin tatsa. Ana zuba furen da ruwa a babbar tukunyar jan ƙarfe, a rufe ta ruf, a hura wuta a ƙarƙashinta.

Tururin da ya tashi na bi ta wani bututu da aka ratsa da shi cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga a cikin kwalba ko tulu. Wannan shi ne ruwan wardi. Ɗan maiƙon da ke tasowa a samansa kuwa shi ne man wardi.

Da yake wani kaso na man yana narkewa a cikin ruwan, masana'antu kan sake tatsar ruwan karo na biyu domin su ƙwato shi.

Ana buƙatar fure tan uku zuwa huɗu kafin a samu kilo ɗaya na mai, shi ya sa farashin kilo guda ke kai dubban daloli.

Sinadaran da suka fi yawa a cikin man su ne sitronelol da jeraniyol. To amma a shekarar 1970 masanan kamfanin Firmenich na Suwizalan suka bayyana gano wani sinadari a man Bulgeriya, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma yana da babban tasiri a ƙamshin. Sun sa masa suna damasenon, daga sunan furen.

Wata alamar man wardi na gaske ita ce yakan fara daskarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da kimanin digiri 20, ya kuma narke da ɗumin tafin hannu.

Ban da turare, ana sa ruwan wardi a alewar Turkawa da kayan zaƙin Larabawa da na Iran. A Indiya da Pakistan ana cakuɗa fallayen da sukari a yi wani abin lasa mai suna gulkand.

Ƙasashen da ke nomansa

Bulgeriya da Turkiyya su ne ke samar da mafi yawan man wardi a duniya.

A Bulgeriya an fara nomansa ne a zamanin daular Usmaniyya, a wani kwari da ke kudu da tsaunukan Balkan, tsakanin garuruwan Kazanlak da Karlovo. Tun shekarar 1903 ake bikin wardi a Kazanlak, kuma a shekarar 2014 Tarayyar Turai ta yi wa sunan man wardin Bulgeriya rajistar kariya.

Daga can ne aka kai shi Isparta ta Turkiyya a ƙarshen ƙarni na 19, ta hannun wani mutum mai suna Isma'il Efendi. An buɗe masana'antar zamani ta farko a garin a shekarar 1935, sannan manoma suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Gulbirlik a shekarar 1954.

Iran ta fi shahara da ruwan wardi, musamman garin Ƙamsar da ke kusa da Kashan, inda jama'a ke tururuwa a watan Mayu domin kallon aikin tatsa.

A Maroko ana nomansa a kewayen Ƙal'at Maguna, a gindin tsaunukan Atlas. A birnin Kannauj na Indiya kuwa akan tatse ƙamshinsa kai tsaye zuwa cikin man sandal.

A Afganistan, ƙungiyar agaji ta Jamus mai suna Welthungerhilfe ta fara wani shiri a lardin Nangarhar a shekarar 2004, domin manoma su koma noman wardi a maimakon tsiron da ake sarrafawa a yi ƙwayar hiroyin.

Ɗa'ifa da ɗakin Ka'aba

Birnin Ɗa'ifa na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,800 daga doron teku, kuma gonakin wardinsa na yankunan Hada da Shafa, inda ake samun sanyin da babu shi a Makka.

Kakar furen na kamawa ne a watannin Maris da Afrilu, kuma ba ta cika wuce kwana arba'in da 'yan kai ba.

Da tola ake auna man, wato giram 11.7, kuma sai an tara fure dubu goma ko fiye kafin a cika tola guda.

Idan za a wanke cikin Ka'aba, iyalan Banu Shaiba masu riƙe da mabuɗinta ne ke buɗe ƙofa. Akan gauraya ruwan Zamzam da ruwan wardin Ɗa'ifa a goge bango da daɓe, daga bisani a shafe su da man wardi da na udu.

Alhazan Najeriya da Nijar sun saba ganin sunan wardin Ɗa'ifa a jikin kwalaben turaren da suke sayowa tsaraba. Sai dai idan aka dubi yawan furen da tola guda ke ci, za a fahimci cewa kwalba mai arha ba za ta kasance zallar mai ba, ko dai an sirka ta, ko kuma haɗin sinadarai ce.

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun da suka shafi wardin Ɗa'ifa cikin jerin kayan gadon ɗan Adam.

Ƙalubalen da ke gabansa

Gwaje-gwajen da aka wallafa a shekarun 2004 da 2005 sun nuna cewa wardin mai na Turkiyya da na Bulgeriya zubin halittarsu ɗaya ne, kuma sun yi daidai da wasu tsofaffin ire-iren lambunan Turai, ciki har da York and Lancaster.

Dalili kuwa shi ne ba da ƙwaya ake shuka shi ba. Reshe ake yanka a binne, kamar yadda ake dashen rogo ko rake, saboda haka kowane sabon tsiro kwafin uwarsa ne.

Wannan ya taimaka wajen adana ƙamshin kamar yadda magabata suka san shi. Sai dai masana aikin gona na gargaɗin cewa amfanin da ba shi da bambancin iri, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka, shi ya sa ake ɗaukar ire-iren da ke Iran a matsayin rumbun ajiya.

Sauyin yanayi ma na yin tasa ɓarnar. Hunturu maras sanyi na sa tsiron ya yi toho da wuri, sanyin da ya biyo baya ya ƙona shi, yayin da zafi da fari a lokacin tsinka ke rage yawan man.

Akwai kuma ƙarancin ma'aikata, domin har yanzu hannu ne ke tsinkar furen, a aikin da bai wuce 'yan makonni ba a shekara. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, cinikin turare ya ja baya, farashin furen ya faɗi a Bulgeriya, manoma da dama suka tafka asara.

Algus kuwa tsohuwar matsala ce. Tun ƙarni na 19 ake kama 'yan kasuwa suna sirka man wardi da na wata ciyawar Indiya mai suna palmarosa, wadda ƙamshinta ya yi kusa da nasa.

A Siriya, ƙasar da ta ba shi suna, yaƙin basasar da ya ɓarke a shekarar 2011 ya tilasta wa manoma da yawa barin gonakinsu, noman ya ragu ƙwarai.

Ƙauyen Al-Marah, da ke tsaunukan Ƙalamun a arewa da Dimashƙa, na cikin wuraren da suka riƙe sana'ar. A shekarar 2019 UNESCO ta sanya ayyukan mutanen ƙauyen cikin jerin kayan gadon ɗan Adam, kuma a duk watan Mayu iyalai na fita da asuba su tsinko furen, su busar da wani, su tatse wani.